Guguwar bayan jirgi: abin da ke sa ƙaramin jirgin sama ya jira kafin ya sauka bayan babba

Duk jirgin da ke tafiya a sararin sama yana barin guguwa biyu a bayansa, ɗaya daga bakin kowane fiffike. Ido ba ya ganin su, na'urar hango hadari da ke hancin jirgi ma ba ta nuna su. Amma idan jirgin mai nauyi ne, suna da ƙarfin da za su kifar da ƙaramin jirgin da ya biyo sawunsa cikin ƴan sakanni. Ma'aikatan jirage a Nijar na kiran abin da Faransanci turbulence de sillage, wato hargitsin iskar da jirgi ya bari a sawunsa. Saboda wannan guguwa ce aka kafa dokar tazara tsakanin jirage, wadda ke aiki a Jidda da Paris kamar yadda take aiki a Yamai da Maraɗi.

Maganar ta shafi mutanen gundumar Madarunfa fiye da yadda ake zato. Maniyyaci daga Ɗan Isa, Gabi ko Safo babban jirgi ne zai kai shi Saudiyya, kuma zai sauka a filin da jirage ke bin juna kamar tururuwa. Ɗan kasuwar da ya ƙetara iyaka ya hau jirgi a Katsina ko Kano, da ma'aikacin agajin da ke sauka Maraɗi a ƙaramin jirgi, duka wannan doka ce ke tsare su, ko da ba su taɓa jin sunanta ba.

Yadda guguwar ke samuwa

Jirgi na tsayuwa a sama ne saboda siffar fiffikensa da gudun da yake yi. Idan yana tafiya, matsin iskar da ke ƙarƙashin fiffike ya fi na wadda ke samansa, kuma wannan bambanci ne ke ɗaga shi. To amma fiffike yana da iyaka. A can bakinsa, iskar ƙasa mai matsi tana samun hanyar zagayowa ta haye sama inda matsin ya yi ƙaranci. Da yake jirgin na ci gaba da tafiya, sai zagayen ya miƙe a bayansa kamar igiyar da aka murɗa. Ta dama tana juyawa ta wani gefe, ta hagu tana juyawa ta ɗaya gefen. A tsakaninsu iska ƙasa take dannawa, a wajensu kuma sama take tasowa.

Wanda ya ja ludayi a cikin ƙwaryar fura mai ruwa-ruwa zai ga ƙananan ramuka biyu suna juyawa a gefensa, suna ci gaba da juyi bayan ludayin ya wuce. Haka abin yake a iska. Bambancinta da guguwar bazara da ke kwasar ƙura da ledoji a gonaki shi ne, ta bazara a tsaye take, wannan kuwa a kwance take, kuma tana iya kai tsawon kilomitoci.

Abin da ya fi ƙara mata ƙarfi shi ne nauyin jirgi. Bayansa sai rashin gudu: jirgi mai nauyi da ke tafiya a hankali dole ya danna iska mai yawa ƙasa a kowace mita kafin ya riƙe kansa. Wannan ya sa lokacin tashi da lokacin sauka suka fi haɗari. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka sun auna iskar da ke juyawa kusa da tsakiyar irin wannan guguwa da gudun da ya kai mita 90 a sakan ɗaya, wato sama da kilomita 300 a awa.

Kada a haɗa ta da hucin inji, wanda ke fitowa da zafi daga bayan jirgi yana iya ture mota a filin ajiye jirage. Kada kuma a haɗa ta da gargadar hadari ko ta zafin rana. Guguwar fiffike daga ɗaga jirgin take fitowa, shi ya sa take farawa daidai lokacin da tayar gaba ta bar ƙasa, ta kuma ƙare lokacin da tayar gaba ta taɓa titi wajen sauka. Masana sun san da ita tun farkon zamanin jirage: Baturen Ingila Frederick Lanchester ya yi bayaninta a 1907, Bajamushe Ludwig Prandtl kuma ya fitar da lissafinta wajen 1918. Sai dai ba ta zama babbar damuwa ba sai da Boeing 747 ya fara ɗaukar fasinja a 1970.

Inda take zuwa bayan jirgi ya wuce

Guguwar ba ta tsayawa inda aka bar ta. Tana nitsewa ƙasa da gudun mita 90 zuwa 150 a minti ɗaya, sannan ta daidaita a wajen mita 150 zuwa 300 ƙasa da hanyar da jirgin ya bi. Ke nan wurin da ya fi muni ga jirgin baya shi ne bayan babban jirgi kuma ƙasa da shi kaɗan. Yawanci takan yi minti ɗaya zuwa uku kafin ta mutu, amma idan iska ta kwanta sosai tana iya wuce haka.

Kusa da ƙasa halinta yana canjawa. Idan guguwoyin biyu suka sauko kamar mita 30 zuwa 60 daga ƙasa, ba su da sauran wurin nitsewa, sai su rabu, ta dama ta yi dama, ta hagu ta yi hagu, da gudun da bai wuce na mai tafiya a ƙafa ba. Wani lokaci ma sukan ɗan sake tasowa sama. Idan babu iska, titin sauka yakan wanke da kansa. Matsalar ita ce ƴar iska mai sauƙi da ke busowa daga gefe: takan tare guguwa ɗaya ta riƙe ta a kan titin, ta tura ɗayar zuwa titin da ke maƙwabtaka. Idan kuma iskar ta karkato daga baya, tana iya ja guguwar gaba har zuwa daidai wurin da jirgi na biye zai ɗora tayoyinsa. Littattafan horar da matuƙa sun ware wannan yanayi a matsayin wanda ya fi buƙatar hattara.

Iska mai ƙarfi kuwa taimako take yi, domin tana yayyaga guguwar da wuri. Ranar da fasinja ke ganin gari ya yi luf, ita ce ranar da matuƙi ya fi sa ido.

Abin da take yi wa jirgin baya

Jirgin da ya shiga guguwar ta tsawonta, fiffikensa ɗaya zai samu iska mai ɗagawa, ɗayan kuma mai dannawa, sai ya karkata farat ɗaya. Matuƙi na da ƙananan ƙofofi a bakin fiffike da yake gyara karkata da su, amma ƙarfinsu yana da iyaka. A nan ne tsawon fiffike ke yin aiki. Faɗin Boeing 747-400 daga bakin fiffike zuwa baki mita 64 ne, na Cessna Caravan kuwa bai wuce mita 16 ba. Babban jirgi fiffikensa yakan zarce guguwar, ya samu inda zai dafa. Ƙarami kuwa gaba ɗayansa ke faɗawa ciki, tana iya juya shi cikinsa ya kalli sama.

Wanda ya ratsa tsakanin guguwoyin biyu iska ce za ta danna shi ƙasa. Wanda ya yanke su ta gefe zai ji duka biyu masu ƙarfi a jere, kamar motar da ta faɗa rami. A can sama, jirgi na da tazarar da zai farfaɗo. A dab da sauka kuwa, yana mita 50 daga ƙasa, gudunsa ya ragu, injinansa ba su kan cikakken ƙarfi, kuma hanyar da na gaba ya bi ita ce shi ma dole ya bi, tunda titi ɗaya suka nufa.

Rukunan jirage da tazarar da doka ta sa

Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, OACI, mai mazauni a Montreal ta ƙasar Kanada, ta kasa jirage bisa nauyi mafi yawa da aka amince su tashi da shi:

- Marasa nauyi, harafin L: tan 7 zuwa ƙasa. Misali Cessna Caravan mai kusan tan 4 da Diamond DA42, waɗanda sojojin saman Nijar ke amfani da su.
- Matsakaita, harafin M: sama da tan 7, ƙasa da tan 136. A nan ake samun Beechcraft 1900, da Fokker 50 irin wanda Niger Airlines ya yi jigila da shi tsakanin Yamai da jihohi, da ATR 72, da C-130, da Boeing 737.
- Masu nauyi, harafin H: tan 136 zuwa sama. Misali Airbus A330, Boeing 787, 777 da 747, da jirgin dakon kaya Iliyushin 76.
- Rukuni na musamman, harafin J: Airbus A380, mai hawa biyu, da ke iya tashi da tan 575.

Ana rubuta wannan harafi a takardar tsarin tafiyar kowane jirgi. Matuƙin babban jirgi kuma yakan ƙara kalmar da ke nuna rukuninsa bayan lambar kiransa a rediyo, don jami'in hasumiya da sauran matuƙa su san da wa suke tafiya.

Inda ake aiki da na'urar rada, da nisa ake auna tazara. Mai nauyi bayan mai nauyi kilomita 7.4 ne. Matsakaici bayan mai nauyi kilomita 9.3. Marar nauyi bayan mai nauyi kilomita 11.1, bayan matsakaici kuma kilomita 9.3. Bayan A380, matsakaici yana barin kilomita 13, marar nauyi kusan kilomita 15.

Inda babu rada, agogo ake dubawa. Wajen sauka, matsakaici yana jiran minti 2 bayan mai nauyi, marar nauyi kuma minti 3 bayan mai nauyi ko matsakaici. Bayan A380 ana ƙara minti ɗaya a kan kowanne. Wajen tashi minti 2 ne, amma yakan zama 3 idan na biye zai fara gudu daga tsakiyar titi. Lissafin biyu ba su saɓa ba: jirgin da ke saukowa da gudun kilomita 250 a awa yana cin kilomita 9.3 a cikin minti 2 da ɗan ƙari. Haka nan tituna biyu da ke jere, idan tsakaninsu bai kai mita 760 ba, ana ɗaukar su tamkar titi ɗaya a wannan lissafi.

Haɗurran da suka gyara dokar

Kusan kowane adadi a cikin wannan doka rayuka ne suka saye shi. Ranar 30 ga Mayu 1972, wani DC-9 na kamfanin Delta da ke atisaye a Fort Worth ta jihar Texas ya biyo bayan wani DC-10 da ya taɓa titi ya sake tashi. Dab da ƙasa jirgin ya yi ta karkata, fiffiken damansa ya daki titi, ya kife ya kama wuta. Mutum 4 da ke ciki duka suka rasu. Har lokacin ana ganin ƙananan jirage ne abin ya fi shafa. Wannan haɗari ya nuna cewa jirgin fasinja mai injin jet ma bai tsira ba, aka kuma ƙara tazarar.

Sai batun Boeing 757. Nauyinsa bai kai tan 136 ba, don haka a takarda matsakaici ne, amma guguwarsa ta fi ta sa'o'insa. A Disamban 1992 wani ƙaramin jet samfurin Citation ya faɗi a Billings yana bin bayan 757, mutum 8 suka mutu. Shekara guda bayan nan, ranar 15 ga Disamba 1993, wani ƙaramin jet ya faɗi a Santa Ana ta jihar Kalifoniya a irin wannan hali, mutum 5 suka mutu. Daga nan hukumomin Amurka suka ware wa 757 tazara ta musamman.

Ranar 4 ga Nuwamba 2008, wani Learjet 45 ɗauke da ministan cikin gidan Meziko, Juan Camilo Mouriño, yana layin sauka a babban birnin ƙasar bayan wani Boeing 767. Hasumiya ta umarci matuƙan su rage gudu, suka yi jinkirin fiye da minti ɗaya. Tazarar ta ragu ƙasa da kilomita 9.3 da doka ta sa, guguwar ta kifar da jirgin ya faɗa tsakiyar unguwa lokacin tashi daga aiki. Mutum 9 na cikin jirgi da 7 a ƙasa suka rasa rayukansu. Binciken ya kuma gano matsaloli a takardun horon matuƙan.

A Dubai, ranar 16 ga Mayu 2019, wani ƙaramin Diamond DA62 da ke gwajin fitilun titin sauka ya faɗi da mutum 4. Shi titinsa daban ne, amma wani Airbus A350 na saukowa a titin da ke jere da shi, tsakaninsu bai kai mita 400 ba. Iskar gefe ta kawo masa guguwar, kuma yana ƙasa da hanyar babban jirgin.

Akwai wasu biyu da ba wajen sauka suka faru ba, amma ana koyar da su a makarantun matuƙa. Ranar 12 ga Nuwamba 2001, Airbus A300 na American Airlines ya tashi daga New York bayan wani Boeing 747. Guguwar da ya shiga ba ta kai ta kayar da shi ba. Mataimakin matuƙi ne ya yi ta taka sitiyarin wutsiya dama da hagu da ƙarfi har tsayayyen fiffiken wutsiyar ya karye. Mutum 265 suka mutu, 5 daga cikinsu a ƙasa. Sannan ranar 7 ga Janairu 2017, a saman tekun Arabiya, wani ƙaramin jet samfurin Challenger ya wuce mita 300 ƙasa da wani A380 da ke tahowa daga gaba. Kimanin minti ɗaya bayan sun gifta juna, ƙaramin ya yi ta wulwulawa, ya zubo fiye da mita 2,500 kafin matuƙa su shawo kansa. Ya sauka a Maskat da masu rauni, kuma bai sake tashi ba.

Halin filayen Nijar da maƙwabta

A filin Maraɗi, kamar na Damagaram, Tawa da Difa, jirage ba su da yawa. Sau tari awoyi ne tsakanin sauka da sauka, guguwar ta daɗe da mutuwa. Inda ake buƙatar lura shi ne ranar da aka saba wa al'ada: ziyarar manyan hukumomi, babban biki, ko aikin agajin gaggawa, inda jirgin soja, jirgin tawaga da ƙaramin jirgin ma'aikata ke isowa a jere. Jirgin shugaban ƙasa, Mont Gréboun, Boeing 737 ne, wato matsakaici. Caravan da ya biyo bayansa ko bayan C-130 sai ya bar minti 3 cif. Jiragen agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHAS, da ke haɗa Yamai da Maraɗi da sauran jihohi, su ma ba manya ba ne. Jirgi mai saukar ungulu ma yana barin irin wannan guguwa idan yana tafiya gaba, kuma takan fi ƙarfin girmansa.

Filin Diori Hamani na Yamai kuwa cakuɗe yake. Jiragen fasinja na ƙasa da ƙasa, manyan jiragen dakon kaya, da ƙananan jiragen sansanin sojin sama na 101 duka a fili ɗaya suke tashi suna sauka. Lokacin aikin Hajji sai manyan jiragen alhazai su ƙaru a kai. Haka abin yake a filin Malam Aminu Kano, inda Boeing 747 na kamfanoni irin su Kabo Air da Max Air suka shafe shekaru suna jigilar alhazai, a gefen ƙananan jiragen haya da na sojoji. A Jidda da Madina kuwa, a makonnin Hajji, layin sauka ba ya yankewa dare da rana.

Ko a can ƙololuwa maganar ba ta ƙare ba. Sararin samaniyar Nijar hanya ce ta manyan jiragen da ke tafiya tsakanin Turai da kudancin Afirka, kuma tun Satumban 2008 tazarar hawa tsakanin jirage a saman Afirka ta koma mita 300, daidai irin wadda ta kasance tsakanin A380 da Challenger. Don haka ne aka yarje wa matuƙa, a inda tsarin ke aiki, su ɗan goce dama da tsakiyar hanya har kilomita 3.7.

Yanayin Sahel ma yana da nasa tasiri. Da asuba a lokacin sanyi, iska mai sanyi kan kwanta a ƙasa ba motsi, guguwar ta daɗe ba ta watse ba. Da azahar a watan Afrilu ko Mayu, ƙasa ta ɗau zafi, iska na tasowa ta ko'ina, jirgi na gargada, amma guguwar fiffike ba ta daɗewa. Hazon hunturu kuwa wata matsala yake kawowa: matuƙi ba ya hango jirgin da ke gabansa, balle ya ga inda ya ɗora tayoyinsa, sai ya dogara kacokan ga hasumiya. Da damina, idan iska ta cika da laima, akan ga fararen zare biyu suna bin gefen fiffike wajen sauka. Tsakiyar guguwar ce ta bayyana.

Aikin hasumiya da na matuƙi

A Nijar, hukumar ASECNA ce ke jagorantar zirga-zirgar jirage a sama. An kafa ta a Saint-Louis ta Senegal a Disamban 1959, hedikwatarta na Dakar, kuma ɗaya daga cikin manyan cibiyoyinta yana Yamai. A Yamai ɗin ne kuma makarantar EAMAC take tun 1963, inda ake horar da jami'an hasumiya da masana yanayi na ƙasashen Afirka da dama. Hukumar ANAC ce ke sa ido kan bin ƙa'idoji a cikin ƙasa. A Najeriya wannan aiki na NAMA ne da NCAA, horo kuma a kwalejin jiragen sama ta Zariya.

Jami'in hasumiya shi ke jera jirage, ya ba kowa gudun da zai yi, ya riƙe na ƙasa har mintocinsa su cika, ya kuma gargaɗi matuƙi idan mai nauyi ne a gabansa. Amma idan matuƙi ya ce ya hango na gaba kuma zai bi shi da ido, nauyin tsare tazara ya koma wuyansa. Ƙa'idojin da ake koya masa ba su da sarƙaƙiya. Wajen sauka, ya tsaya daidai hanyar babban jirgin ko sama da ita, kada ya sauko ƙasa. Ya lura da inda na gaba ya taɓa titi, shi ya sauka gaba da wurin, tunda daga nan guguwar ta ƙare. Wajen tashi, ya bar ƙasa kafin wurin da na gaba ya ɗaga, ya karkata ta ɓangaren da iska ke fitowa. Idan ya shiga guguwar, kada ya yi kokawa da sitiyarin wutsiya. Idan kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya ƙara wuta ya fasa saukar, ya zagayo. Matuƙi na da ikon neman ƙarin tazara ko da hasumiya ta ba shi hanya.

Sababbin dabaru

Tsohon rabon yana da rauni. Beechcraft 1900 mai ƙasa da tan 8 da Boeing 737 mai tan 79 rukuninsu ɗaya, alhali ɗaya ya ninka ɗaya sau goma. A ɗaya ɓangaren kuma, wasu manyan jirage na barin tazarar da ta wuce buƙata, abin da ke cin lokaci da mai a filaye masu cunkoso. Shi ya sa aka fito da sabon rabo mai suna RECAT, da ke duba nauyi da faɗin fiffike tare, ya kasa jirage gida shida. An fara shi a Memphis ta Amurka a 2012, a filin Charles de Gaulle na Paris kuma a 2016. Filin Heathrow na Landan tun 2015 yana auna tazarar sauka da lokaci, gwargwadon ƙarfin iskar da ke busowa. A Viyana ta Ostiriya, a 2019, masu bincike na Jamus sun jera allunan da aka kafa a tsaye gaban titin sauka, suka ga guguwar na mutuwa da wuri idan ta ci karo da su. Lanƙwasar da ake gani a bakin fiffiken jiragen zamani kuwa don rage shan mai aka yi ta, ba ta sa an rage tazara ba.

Guguwar na da amfani ga wanda ya san inda zai tsaya. Manyan tsuntsaye masu tafiya a jere da siffar harafin V, irin waɗanda ake gani suna gifta tafkin Madarunfa, kowanne yana hawa iskar da ke tasowa a gefen fiffiken na gabansa ne don ya rage wahala. A Nuwamban 2021 kamfanin Airbus ya gwada haka da A350 biyu daga Toulouse zuwa Montreal, tsakaninsu kilomita 3, ya kuma ce na baya na iya rage shan mai da fiye da kashi 5 cikin ɗari.

Abin da ya kamata fasinja ya sani

Idan jirgi ya kai bakin titi ya tsaya, injina na aiki, ga titi fayau babu kowa, galibi mintocin doka ake ƙirgawa. Idan ana dab da sauka aka ji injina sun ɗau ƙara, jirgi ya koma sama, ba lalacewa ya yi ba. Sau da yawa tazara ce ta ragu, matuƙi ko hasumiya suka zaɓi a sake zagayowa, abin da ba ya wuce minti 10 zuwa 15.

Shiga guguwar yakan zo ne ba sallama: jirgi na tafiya sumul, sai a ji ya karkata ko ya yi tsalle, bayan ƴan sakanni ya koma daidai. A babban jirgi, wanda ya fi jin jiki shi ne wanda bai ɗaura bel ba, ko wanda ya miƙe zai sauko da jaka tun ba a tsaya ba. Jagororin alhazai za su kyauta idan suka sa wannan a cikin bitar maniyyata, musamman ga tsofaffi da masu hawa jirgi karon farko: a ɗaura bel ya kama ƙugu sosai, a bar shi ɗaure ko fitilarsa ta mutu, a je bayan gida tun kafin a fara saukowa.

Mazauna kusa da filin jirgi ma abin ya shafe su. A unguwannin da ke ƙarƙashin hanyar sauka a Heathrow da Frankfurt, guguwar manyan jirage takan sauko ta ɗage rufin gidaje, har hukumomin filayen suka ɗauki nauyin gyarawa da ɗaure shi. A garuruwa irin Maraɗi, inda gine-gine ke ta matsowa kusa da fili kuma yawancin rufi na kwano ne, wannan ƙarin dalili ne na barin filin da aka keɓe a ƙarshen titin jirgi ba tare da an yanka shi fuloti ba.